Duwatsun sararin samaniya: me ya bambanta sunayensu?

Abin da jama'a ke gani da dare su ce "tauraro ya faɗi" ba tauraro ba ne. Ɗan dutse ne, sau da yawa bai wuce ƙwayar gero ba, wanda ya kutso cikin iskar da ke lulluɓe da duniya da gudun kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa guda. Sunan da masana ke ba shi ya danganta da girmansa da kuma inda yake.

Muddin yana yawo a sararin samaniya, sunansa metiyoroyid. A shekarar 2017 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta ƙayyade girmansa: daga mikiromita 30, wato kimanin rabin kaurin gashin kai, zuwa mita ɗaya. Abin da bai kai haka ba ƙura ce, wanda ya zarce kuwa astiroyid ne. Akasarinsu ɓaraguzai ne da taurari masu wutsiya ke zubarwa, ko gutsattsarin astiroyid da suka yi karo.

Idan ya shigo iska ya yi zafi, hasken da ake gani shi ne metiyo, wanda a Faransanci ake kira étoile filante. Yakan bayyana ne a nisan kilomita 80 zuwa 120 daga ƙasa. Galibi dutsen a can yake ƙonewa ƙurmus. Wanda ya tsira ya iso ƙasa shi ne metiyorit, kuma akan laƙaba masa sunan wurin da aka same shi. Misali shi ne Zagami, mai nauyin kusan kilo 18, wanda ya faɗo a lardin Katsina ranar 3 ga Oktoba 1962, daga baya bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito.

Hamadar Sahara na adana irin waɗannan duwatsu saboda ƙarancin ruwa. Waɗanda aka tsinta a yankin ba tare da an rubuta takamaiman wurin ba, akan sa musu haruffan NWA da lamba. NWA 16788, mai kilo 24 da ɗoriya, an gano shi a jihar Agadez a Nuwamban 2023, aka yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar, sannan ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu.