3.4 Annobar Korona da Wuraren Aiki a Birnin Kebbi da Argungu

Idan za a yi bayanin yadda cutar korona ta shafi wuraren neman abinci a ƙasar Kabi, wajibi ne a fara da ranar 11 ga Maris, 2020. A wannan rana ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cutar a matsayin annoba ta game duniya, kuma a ranar ce aka buɗe Bikin Kamun Kifi na Argungu, bayan kimanin shekara 10 ba a yi shi ba. Shugaba Muhammadu Buhari ya halarta, dubban masunta suka auka kogin Matan Fada da goruna da homa, kafaɗa da kafaɗa. A lokacin kuwa an riga an sami mutum na farko mai cutar a Legas tun 27 ga Fabrairu. Sai a ƙarshen Afrilu aka tabbatar da ita a Jihar Kebbi, aka kuma tanadi wurin killace masu ita a asibitin Kalgo, kusa da Birnin Kebbi.

Matakan da aka ɗauka sun fi dacewa da ma'aikacin ofis. Tun cikin Maris aka rufe makarantu, Gwamnatin Tarayya kuma ta umurci ma'aikatanta na mataki na 12 zuwa ƙasa da su zauna gida, albashinsu na tafiya. A ƙofofin bankuna da asibitoci aka ajiye bokitin ruwa da sabulu, ana auna zafin jikin mai shiga. Daga farkon Mayu sanya takunkumin fuska ya zama dole.

To amma arzikin kwarin Rima shinkafa ce, ita kuwa ba ta jira. Annobar ta zo daidai da girbin shinkafar rani a fadama, kuma dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi ta ware motocin abinci. Don haka masana'antun gyaran shinkafa, irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, suna cikin waɗanda aka bari su ci gaba da aiki. Masana'anta tana da ƙofa da mai gadi, ana iya tilasta wanke hannu. Ɗan dako da mai sussuka da matan da ke turara shinkafa a gida ba su da ƙofar da za a tsare, kuma wanda bai fita ba ranar nan ba zai ɗora tukunya ba. Umurnin ba da tazara (ko da an ji shi a rediyo) bai yi la'akari da irin wannan aiki ba.

A nan ne sarakuna suka shigo. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ya daɗe yana cikin kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya tun yaƙi da shan inna. Ta hanyar hakimai da dagatai da limamai saƙon tsafta ya fi isa kasuwa da bakin kogi, kuma ita aka sake bi da allurar rigakafi ta iso Nijeriya a Maris 2021.