Mutum-mutumin Gandhi na Jami'ar Ghana

Mutum-mutumin Gandhi siffa ce ta Mahatma Gandhi, jagoran gwagwarmayar 'yancin Indiya, wadda ta tsaya a harabar Jami'ar Ghana daga 2016 zuwa 2018. Jami'ar, wadda aka kafa a 1948, tana Legon a arewa maso gabashin Accra, kusa da Madina mai babban zango. Shugaban Indiya na lokacin, Pranab Mukherjee, ne ya ƙaddamar da mutum-mutumin a watan Yunin 2016, a matsayin alamar zumunci tsakanin ƙasashen biyu.

A watan Satumbar shekarar, wasu malaman jami'ar, ciki har da Farfesa Akosua Adomako Ampofo da Obadele Kambon, suka rubuta takardar koke suna neman a cire shi. Sun kafa hujja da rubuce-rubucen Gandhi na zamansa a Afirka ta Kudu, tsakanin 1893 da 1914, inda ya ƙasƙantar da baƙar fata. Sun kuma ce gwarazan Afirka ne suka fi cancantar a riƙa tunawa da su a harabar. Masu kare Gandhi sun ce ra'ayinsa ya sauya daga baya, kuma tafarkinsa na gwagwarmaya ba tare da zubar da jini ba ya yi tasiri a kan Kwame Nkrumah.

Koken ya biyo sahun zanga-zangar Jami'ar Cape Town, inda aka sauke mutum-mutumin ɗan mulkin mallaka Cecil Rhodes ranar 9 ga Afrilun 2015. A watan Oktobar 2016 gwamnatin Ghana ta ce za ta sauya wa mutum-mutumin Gandhi mazauni. An cire shi a watan Disambar 2018, aka bar dandamalinsa wayam.