Me ya sa injin kwale-kwale ke mutuwa a silo bayan an yi masa garambawul?

Makanikan injin ruwa sun san wannan ƙorafi. An kwance inji, an sauya fistin da ringi, an ɗaure komai. Idan aka ja totur yana ruri lafiya lau, amma da zarar an sake shi ya koma silo, wato jinkirin juyin da yake yi ba tare da an ba shi wuta ba, sai ya yi tari ya mutu. Asalin wannan matsala yana cikin dabaru biyu da aka ƙirƙiro a Turai a ƙarshen ƙarni na 19.

Ta farko ita ce kafireta. A 1893 Wilhelm Maybach a Jamus, da Donát Bánki da János Csonka a Hungari, suka fito da kafireta mai fesa mai ta ɗan bututu. Iska kan ratsa wani ƙuntataccen maƙogwaro, gudunta ya ƙaru, ta zuƙo fetur. Dabarar tana aiki ne idan iska na gudu da ƙarfi. A silo kuwa ƙofar totur kusan a rufe take, iskar ba ta da ƙarfin zuƙo mai ta babban bututun. Don haka aka huda wa kafireta wata hanya ta daban, siririya ƙwarai, wadda ke ciyar da inji a silo kawai. Ɗan datti ko ragowar tsohon fetur ya isa ya toshe ta, alhali babbar hanyar tana buɗe.

Ta biyu ita ce injin bugu biyu, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, wanda Joseph Day ya yi wa rajista a Ingila a 1891. Day ya mayar da ɗakin da karanshaf ke juyawa ya zama famfo: fistin na hawa ya zuƙo haɗin mai da iska cikinsa, yana sauka ya tura shi silinda. Wannan ya sa injin ya yi sauƙin nauyi da arha, bisa sharaɗin kada iska ta kurɗa ɗakin ta ko'ina.

Rashin nauyin ne ya kai dabarar kan ruwa. Ole Evinrude, haifaffen Norway mazaunin Milwaukee a Amurka, ya fara sayar da injin da ake maƙala wa bayan kwale-kwale a 1909, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi. Kamfanin Yamaha na Japan ya shigo kasuwar a 1960, daga baya ya ƙera samfurin Enduro domin masunta da masu jigila. Irinsa ne ake gani a Yawuri da Lokoja da gaɓar Tafkin Chadi. Tun 1998 dokokin hayaƙi na Amurka suka soma ture irin wannan inji daga kasuwarsu, kuma an daina ƙera Evinrude a 2020, amma a kogunanmu yana nan daram domin bakanike na iya gyara shi a bakin ruwa.

Wanda ya san wannan tarihi ya san inda zai duba. Garambawul na buɗe kowace mahaɗa ta injin. Idan gaskit bai zauna daidai ba, ko robar bakin karanshaf ta ji rauni wajen sakawa, iska za ta sato hanya. A juyi 5,000 a minti wannan 'yar iska ba ta kashe inji, amma a ƙasa da juyi 1,000 takan tsinka haɗin har wuta ta kasa kamawa. Saboda haka ƙwararre kan fara da auna matsin kowace silinda, ya duba tartsatsin fulogi, ya nemi inda iska ke shiga, ya wanke siririyar hanyar kafireta, ya daidaita lokacin wuta da buɗewar totur. Murɗa sukurun silo shi ne na ƙarshe. Mai gaggawa kan fara da shi, ya ɗaga silo ya rufe cutar, alhali injin da iska ta yi wa yawa yana zafi har ya ci sabon fistin.

Wurin gwaji ma yana da muhimmanci. Hayaƙin injin na fita ne ta ƙarƙashin ruwa, ruwan na danne shi, farfela kuma na ƙara nauyi idan an sa giya. Silon da aka saita a tudu yakan faɗi da an shiga kogi.

Matuƙi yana buƙatar silo ne a lokacin da ya fi kowane haɗari: sa'ar da yake matsowa gaɓa, ko yake kauce wa kututture da jirgi maƙare da mutane. A injin bayan kwale-kwale, turin farfela shi ne sitiyari kuma shi ne birki. Idan inji ya mutu a nan, igiyar ruwa ce ke tuƙi. Mai jirgin da ya biya kuɗin garambawul yana da haƙƙin ya ce a gwada masa injin a cikin ruwa, a giya, a silo, kafin fasinja ko ɗaya ya sa ƙafa.