Kakar RAM: Tarihin Ƙwaƙwalwar Kwamfutocin Wasanmu a Kudu

Mahaifina albasa yake sayarwa a Fatakwal, kuma karatun farko da na ɗauka a rumfarsa shi ne: kowane kaya da kakarsa. Ban san karatun ya shafi kwamfuta ba sai da na yi asara.

Bara waccan ni da ƙanena muka haɗa kuɗi muka sayo kwamfutar tebur ta wasa a Ogbunabali, irin wadda kamfani ya harhaɗa ya rufe, domin yaran unguwa su riƙa buga ƙwallo suna biya. Da ta fara nauyi sai na sayo mata RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi, mai gudun 3200. Muna kunnawa ta nuna 2133. Na yi zaton an cuce ni, ashe rashin sanin tarihi ne.

Mai karatu, ita RAM zuriya-zuriya ce. DDR ta fito a 2000, DDR2 a 2003, DDR3 a 2007, DDR4 a 2014, sai DDR5 da ta shiga kasuwa a ƙarshen 2021. Kowace da inda aka tsaga bakinta, don haka wata ba ta shiga ramin wata. Mu kuwa a nan yawanci gwanjo muke saye, sai Turai da Amurka sun gama yayin kaya yake isowa Emeka Offor Plaza a Anaca ko shagunan Ogbete a Inugu.

Shi kuma gudu masarrafa ce ke yanke iyakarsa. Intel zuriya ta 6, ta 2015, irin tamu ke nan, a 2133 ta tsaya. Ta 7 ta kai 2400, i5 ta zuriya ta 8 ta kai 2666, sai a ta 11, a 2021, aka kai 3200. Tun 2007 Intel ta fito da tsarin XMP mai ba RAM damar wuce iyaka, amma da yawan kwamfutocin kamfani an toshe wannan ƙofa a BIOS. Ka ga na biya kuɗin doki, na samu tafiyar jaki.

To yaushe ya kamata a ƙara? Tarihi ya nuna RAM ta fi araha a tsakiyar zamaninta. Tana sabuwa da tsada, in masana'antu suka juya mata baya ta sake tashi. Haka aka yi wa DDR4 a 2025, lokacin da Samsung da SK Hynix da Micron suka karkata ga cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira. Ga faɗuwar naira tun Yunin 2023. Ƙari a kan haka, Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida daga zuriya ta 8 take farawa. Tamu ta tsufa ke nan.

Shawarata ga 'yan'uwa na Ama Hausa da sauran zangonni: kafin ka fitar da sisi, duba lambar masarrafarka da yawan ramukan allonta. Sanda biyu masu giga 8 sun fi ɗaya mai 16 amfani wajen wasa. In kuwa injin bai kai zuriya ta 8 ba, tara kuɗinka ka canza shi gaba ɗaya.

Da na ba Baba labari, dariya ya yi ya ce, "Kai yaro, wa ya aike ka sayen albasa da damina?" Allah ya ba mu sa'a. Sai mun haɗu.