Kukan Aro da Rabuwar Jinsi a Tsuntsaye

A ƙasar Nguru da Gashuwa, idan damina ta yi nisa, akan ga wani ɗan tsuntsu baƙi mai sheƙin shuni, farin baki da jan ƙafa, ya kafe a ƙolin bishiya guda yana kuka wuni zubur don kiran mace. Masana na kiransa Vidua chalybeata. Ba ya saƙa sheƙa. Macen takan faki ido ta saka ƙwai a sheƙar baiwar Allah, jan tsuntsun nan mai tsintar tsaba a tsakar gida, ta bar mata kwanci da reno. Ɗan da aka ƙyanƙyashe yana da ɗige-ɗige a cikin baki irin na 'ya'yan gidan, don haka ake ciyar da shi tare da su.

Abin lura shi ne kukan. Wani sashe nasa na jinsin ne, sauran kuwa kwaikwayon kukan baiwar Allah ne, wanda namijin ya koya tun yana sheƙa. Macen ma da wannan kukan ta tashi, shi take saurare wajen zaɓen namiji, kuma sheƙar mai irinsa take nema idan za ta saka ƙwai. Robert Payne na Jami'ar Mishigan ta Amurka ya gwada wannan a keji, inda ya ba wani tsuntsu na daban, ɗan asalin Asiya, renon 'ya'yan. Mazan suka girma da kukan sabon mariƙi, matan suka fifita masu wannan kukan, suka kuma kai ƙwai sheƙarsa.

Daga nan hujjar cewa kukan aro na iya raba jinsi ta taso. An saba ɗauka cewa sai teku ko dutse ya raba dabbobi na dubban shekaru kafin alamominsu na neman juna su bambanta. A nan kuwa, mace ɗaya ta yi ɓatan kai zuwa sheƙar wani tsuntsu ya isa: 'ya'yanta za su tashi da wani kuka, su auri juna, ko da suna kiwo a fili ɗaya da danginsu. Binciken ƙwayoyin gado da Sorenson da Sefc da Payne suka wallafa a 2003 ya nuna cewa jinsuna goma na dangin wannan tsuntsu ba su daɗe da rabuwa ba, alhali masu renon nasu sun rabu tun da jimawa. Ɗaya daga ciki, Vidua maryae, yana tsaunukan Jos, kuma sai a 1998 aka bayyana wa kimiyya tsuntsun da ke renonsa.

Ko a cikin jinsi ɗaya akwai karin yanki. A Lochinvar ta Zambiya an ga mazan Vidua chalybeata na kwaikwayon wanda ya fi samun mata, kukan yana sauyawa kaɗan-kaɗan duk shekara. Kama ma ta bambanta, domin wasu na kudancin Afirka jan baki ne da su.

Sai dai kada a zuzuta ƙarfin koyo. Katangar da kuka ya gina tana da kafa, tunda macen da ta kai ƙwai sheƙar mariƙin wani jinsi ta shigar da jininta cikin wancan jinsin. Rabuwar ba ta tabbata sai ɗige-ɗigen baki da launin gashi, waɗanda gado ne, sun biyo baya a hankali.