Tsofaffin Sabo da ciwon damuwa

Tun kafuwar unguwar Sabo ta Ibadan a 1916, zauren maigida ne matattarar fataken shanu da goro, tsoho ba ya rasa abokin hira. In ya daina fitowa, abinci ya fita ransa, barci ya ƙaurace masa, sai a ce tsufa ne, a nemo rubutun sha wajen malam.

A 2007 binciken Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya nuna ciwon damuwa ya yawaita tsakanin tsofaffin ƙasar Yarbawa, kuma akasarinsu ba sa samun magani.

Rikicin kasuwar Shasha ta ƙaramar hukumar Akinyele da ke Ibadan a 2021 ya raba dattawan Hausawa da rumfunansu da majalisarsu. Dattijon da ya yi makonni shiru bayan irin wannan asara, ya kamata 'ya'yansa su kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan (UCH) ya ga likitan ƙwaƙwalwa.