Asalin Garin Gettysburg da Yadda Ya Zama Wurin Ziyarar Iyali

A ƙasar Amurka, a kudancin jihar Pennsylvania, akwai wani ɗan gari ana ce da shi Gettysburg. Mutanensa ba su wuce dubu bakwai da 'yan kai ba, amma baƙin da ke sauka cikinsa a shekara sukan kai wajen miliyan guda. In zafi ya shigo, aka ba 'yan makaranta dogon hutu, sai magidanci ya ɗebi matarsa da 'ya'yansa a mota, su nufi can su kwana biyu ko uku. Ga yadda abin ya samo asali.

A shekarar 1761 wani mutum mai suna Samuel Gettys ya sauka a wata mararraba, ya gina masauki inda fatake da matafiya ke yada zango. Ɗansa James ne ya yanka filin zuwa fuloti 210 a 1786, ya sayar wa masu son gini, garin kuwa ya ɗauki sunan gidansu. A 1800 aka mai da shi hedkwatar gundumar Adams. Makarantar horar da limaman coci ta zo a 1826, kwaleji a 1832, jirgin ƙasa a 1858. Mutanen garin, su wajen 2,400, manoma ne da majema da masu ɗinkin takalma da masu ƙera keken doki. Hanyoyi goma suka haɗu a garin, su ne arzikinsa, su ne kuma suka jawo masa yaƙi.

Yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, sa'ad da jihohin kudu suka ɓalle don su ci gaba da riƙe bayi. A tsakiyar 1863 Janar Robert E. Lee ya ƙetaro arewa da mayaƙan kudu fiye da 70,000. Baƙaƙen fatan Gettysburg, waɗanda 'yantattu ne, da jin labari sai da yawansu suka bar gidaje da gonaki suka gudu, don mayaƙan kudu suna kama irinsu su kora su kudu cikin bauta. Rundunar arewa kuwa, mutum wajen 90,000, tana hannun Janar George Meade, wanda kwana uku kacal da naɗa shi. Ba wanda ya shirya a gwabza a nan. Hanyoyin ne suka zubo rundunonin biyu wuri guda ranar 1 ga Yuli.

Kwana uku ana ɓarin wuta a gonakin alkama, da lambunan itatuwa, da kan tuddai. A rana ta uku Lee ya tura mutum kimanin 12,500 su ratsa fili fetal su auka wa tsakiyar rundunar arewa. Wajen rabinsu ba su dawo lafiya ba. Kashegari Lee ya juya kudu cikin ruwan sama, jerin kekunan da ke ɗauke da masu rauninsa ya kai mil 17. Da matattu da masu rauni da kamammu da waɗanda suka ɓace, ɓangarorin biyu sun yi asarar mutum kimanin 51,000. Cikin farar hula mutum ɗaya aka kashe, wata budurwa 'yar shekara 20, Jennie Wade. Tana kwaɓa fulawar burodi a gidan 'yar'uwarta harsashi ya huda ƙofa biyu ya same ta.

Da rundunoni suka watse, sai aka bar wa mutanen gari ɗawainiya. Gawa wajen 7,000 a fili cikin zafin Yuli, mushen dawaki fiye da 3,000, masu rauni fiye da 20,000. Coci-coci da kotu da azuzuwa da rumbuna da ɗakunan kwana duk suka koma asibiti. Mutane na yawo da man na'ana'a suna shafawa a hanci saboda ɗoyi. Wata mata, Elizabeth Thorn, mijinta mai kula da maƙabartar gari ya tafi soja, ita da cikin wata shida da tsohon mahaifinta suka haƙa kaburbura, ta binne sojoji fiye da 90.

A cikin wannan hali baƙin farko suka iso, kuma iyalai ne. Uwa da uba, mata da 'yan'uwa, suka riƙa sauka daga jirgin ƙasa suna bin gida gida, tanti tanti, suna tambayar ɗansu ko mijinsu. Wanda ya dace ya same shi da rai ya zauna jinya. Wanda bai dace ba ya nemi ɗan gari ya raka shi gona, a duba allunan da aka kakkafa a kan kaburbura. Mutanen gari suka buɗe ɗakunansu, suka dafa abinci, suka zama 'yan rakiya. A ganina nan ne tushen ziyarar da ake yi har yau, kuma ya kamata duk mai zuwa wurin ya san haka.

An tsinci gawar wani soja riƙe da hoton yara uku, ba wata takarda a jikinsa. Jaridu suka bayyana kamannin hoton, har labari ya kai wa wata mata a jihar New York, ta gane 'ya'yanta ne. Mijinta ke nan, Saje Amos Humiston. Kuɗin da aka tara ta dalilin hoton ya taimaka aka buɗe gidan marayun sojoji a garin a 1866.

Wani lauya, David Wills, da yardar gwamnan jihar, Andrew Curtin, ya sayi eka 17 don a yi wa sojojin arewa maƙabarta. Aikin tono gawawwaki da sake binne su, baƙaƙen fata ne suka yi mafi yawansa, a ƙarƙashin wani manomi mai suna Basil Biggs. An binne fiye da 3,500, kuma 979 daga ciki ba a san sunansu ba. Ranar 19 ga Nuwamba 1863 aka buɗe wurin. Wani mai suna Edward Everett ya yi jawabin sa'a biyu, Shugaba Abraham Lincoln ya yi na minti biyu, na Lincoln ɗin ne yara ke haddacewa a makaranta. Gawawwakin 'yan kudu kuwa suka zauna a gonaki har sai bayan 1870 aka kwashe su zuwa Richmond da wasu garuruwan kudu.

Wani lauyan, David McConaughy, tun jini bai bushe ba ya soma sayen tuddan da aka yi artabu, aka kafa ƙungiyar kiyaye filin a 1864. Tsofaffin sojoji suka riƙa dawowa da 'ya'ya da jikoki, kowace bataliya tana kafa dutsen tunawa a daidai inda ta tsaya, har yanzu sun haura 1,300. Gwamnatin tarayya ta karɓi filin a 1895. A 1913 tsofaffi fiye da 50,000, na kudu da na arewa, suka taru suka gaisa. A 1938 wajen 1,800 ne suka iya zuwa.

Yau iyali kan fara da gidan tarihi, inda aka kafa wani zane na ɗan Faransa Paul Philippoteaux, wanda ya zagaye ɗaki, kewayensa ƙafa 377. Daga nan a bi hanyar mota mai tsawon mil 24. Yara su hau duwatsun Devil's Den, manya su tsaya suna karanta sunaye. Da dare akwai masu karɓar kuɗi su zaga da baƙi neman fatalwa, sana'ar da ba na ganin ta dace da wurin da mutum dubbai suka mutu. 'Yan gari dai suna harkokinsu, ɗalibai na zuwa kwaleji, manoman gundumar na kiwon gonakin tuffa da suka yi suna da su.

'Yan rakiya kuwa tun 1915 gwamnati ta sa sai sun ci jarrabawa kafin a ba su lasisi, jarrabawar kuma mai tsauri ce. Ɗan rakiya yakan karɓi tuƙin motar baƙi na sa'a biyu. In wani ya faɗi bataliyar da kakan kakansa ya yi aiki a ciki, zai kai shi gonar da suka tsaya, ya nuna masa ta inda abokan gaba suka ɓullo, ya gaya masa mutum nawa suka shiga da nawa suka fito.